Shin da gaske ne ƙwayoyin nano da hasken eksire suna maganin kansar hanta?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Watanni uku ke nan da aka tabbatar cewa kawuna yana da kansar hanta, bayan shekaru yana fama da ciwon hanta nau'in B, kuma likitoci sun ce ƙarin yana wurin da tiyata ba za ta yiwu ba. Na karanta cewa akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake zuba wa majinyaci, a haska shi da eksire, su kunna wani magani a cikin ƙarin. Ina roƙon masu ilimi su bayyana mini yadda abin yake, da kuma ko akwai inda ake yinsa.

Malamin Kimiyyar Haske:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba kawu lafiya. Asalin dabarar ita ce jinya da haske, wadda Thomas Dougherty ya raya a Amurka cikin shekarun 1970: ana ba majinyaci sinadarin da ba ya cutarwa sai haske ya taɓa shi, a nan ne yake mayar da iskar oksijin da ke kusa da shi guba mai kashe ƙwayoyin kansa. Cikas ɗin shi ne haske ba ya nisa a jiki. Ka ɗora yatsanka a kan tocilan wayarka cikin duhu, za ka ga ya yi ja, amma ka ɗora tocilan a kan cikinka ba za ka ga hasken ya ratsa ba. Jan haske ba ya wuce kimanin santimita 1, hanta kuwa tana ɓoye a ƙarƙashin haƙarƙari.

Shi ya sa a 2006 Wei Chen da Jun Zhang suka kawo shawarar a kai fitilar cikin ƙarin. Ƙwayoyin da suka ambata, wato ƙwayoyin nano, waɗanda girmansu bai kai nanomita 100 ba alhali kaurin silin gashi ya kai 50,000 ko fiye, suna shanye eksire su fitar da haske, hasken kuma ya kunna sinadarin da aka manna musu. Eksire yana ratsa jiki har ƙashi, don haka zurfi ya daina zama matsala. A 2015 kuma Samuel Achilefu, haifaffen Najeriya da ke aiki a lokacin a Jami'ar Washington ta St. Louis, ya nuna tare da abokan aikinsa cewa ɗan hasken da magungunan nukiliya ke fitarwa a cikin jiki yana iya kunna ƙwayoyin titaniyom a jikin ɓeraye.

Likitar Gasa Kansa da Eksire:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma kalmarsa ta ƙarshe ita ce abin lura: ɓeraye. Kusan duk sakamakon da ake yayatawa a kan hanta daga ɗakin gwaji ya fito, sau da yawa ma ƙarin an dasa shi ne a ƙarƙashin fatar ɓera, ba a cikin hantar da ta shekara 20 tana ƙandarewa ba. Hanta kuma tana da nata halin, domin ita ce matatar jini, kuma ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikinta, waɗanda ake kira Kupffer, suna cafke mafi yawan ƙwayoyin nano da aka zuba ta jijiya. Wasu suna ɗaukar wannan a matsayin sa'a, ni kuwa ina ganinsa takobi ne mai kaifi biyu, tunda abin yana taruwa a lafiyayyen sashe, wanda shi ne majinyaci ke rayuwa da shi. Ga kuma batun oksijin, wanda tsakiyar babban ƙari ke ƙarancinsa, kuma in babu shi dabarar ta raunana.

Abin da ya kai ga mutane shi ne ƙwayoyin hafniyom na kamfanin Nanobiotix na Faransa, waɗanda Turai ta amince da su a 2019 don wata kansar tsoka, aka kuma gwada su a kan masu kansar hanta a matakin farko. Su ma ƙarfin gasa ƙari da eksire suke ƙarawa, ba jinya da haske ba ce. Ɗan'uwa, duk wanda ya ce zai sayar maka da wannan magani a yau, ka riƙe kuɗinka. Ka tambayi likitocin kawu game da toshe jijiyar ƙarin da magani, da ƙona shi da allura, da magungunan sha irin su sorafenib, sannan ku 'yan gida ku je a gwada jininku don ciwon hanta nau'in B, wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa rigakafi.

Mai Neman Sani:
Na gode ƙwarai, Malam da Likita. Ranar Litinin muke da ganin likita, kuma na rubuta waɗannan tambayoyi uku a takarda. Gwajin jinin ne bai taɓa zuwa mana a rai ba, alhali mu tara ne a gidan.