Me ya sa nau'in fari ya ragu a gonaki amma ɓarna ta ƙaru?

Manomin Jigawa:
Assalamu alaikum. A yankunan da aka daina barin saura, aka nome har burtali, ba a ganin fari iri-iri kamar da, kukan gyare da daddare ma ya yi ƙaranci. Amma ƙaramar farar nan mai cin gero sai ƙaruwa take. Mene ne dalili, kuma me manomi zai gyara?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Kowace fara da wurin da take zuba ƙwai, Malam. Wata sai ƙarƙashin inuwar sabara ko kalgo, wata sai laka mai danshi a fadama, gyare kuma yana son ciyawa da ganyen da suka ruɓe a ƙasa. In aka yi sassabe ƙaƙaf aka banka wuta, waɗannan duk sun rasa mazauni. Wadda ta rage ita ce farar Senegal, wato ƙaramar farar nan mai cin gero, domin ita yashi buɗaɗɗe take so. Ƙwanta na kwance a ƙasa duk rani, ya ƙyanƙyashe bayan ruwan farko mai ƙarfi. 'Ya'yan su fara da ƙarangiya, in ciyawa ta bushe su koma kan gero lokacin da idonsa ke da taushi. Tana iya hayayyafa sau 3 a damina guda. Ita ce ta yi ɓarna sosai a Sahel a 1986, kada a haɗa ta da farin ɗango na 2004.

Ɗan Fadama:
Ƙari a kan bayanin Malam: feshin gona baki ɗaya yana cikin matsalar. Maganin ba ya tantancewa, yana kashe ƙwaron nan hangara, alhali tsutsarta ce ke cinye ƙwan fara a cikin ƙasa. Shamuwa, balbela da zabi ma abincinsu ya gurɓace. Abin da ya fi: a zaga gona kwana 10 zuwa 14 bayan ruwan shuka, da sassafe, a fesa wurin da 'ya'yan suka taru kaɗai tun ba su yi fiffike ba. Akwai maganin fari da aka yi da naman gwari, mai suna Green Muscle, da ke kama dangin fara kawai, sai dai yana ɗaukar mako 1 zuwa 3 kafin su mutu, shi ya sa masu gaggawa ke cewa bai yi ba. Kuma don Allah farar da aka kamo daga inda aka yi feshi kada ta shiga kasko.

Hajiya Mai Gero:
Ni fa ban yarda a ce barin saura alheri ne zalla ba. Saurar da dabbobi suka cinye har yashi ya bayyana, nan ne farar Senegal ta fi taruwa, daga can take shigowa gona. A bar layin gamba a kan iyaka da kututturen sabara, wannan daidai ne. Sannan a kula da taki: an gwada a Senegal, geron da ya sha taki ta fi ƙinsa, don ta fi son ganye mai ƙarancin sinadarin gina jiki. Gyaɗa da wake kuwa ba cimarta ba ne, sai a riƙa juya su da gero.

Malamin Gona:
Gaskiyarki, Hajiya. A haɗa da huɗa kafin ruwa ya sauka, ƙwan bai wuce zurfin ɗan yatsa ba, in ya fito fili rana da tsuntsaye sun gama da shi.