Daga Giza zuwa Napata: musayar baitoci kan sarakunan Nilu

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Mu a Kano dalar gyaɗa muka sani, ita ma sai a hoto. Jiya na kwana ina karanta labarin dalar sarki Khufu ta Giza, wadda aka gina wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS): tsayinta mita 146, duwatsunta kusan miliyan 2.3. Ga abin da ya zo mini, amsa-amona "ya". Mai baki ya amsa.

Bismillahi, da shi na tsoma alƙalami,
Ya Rabbu buɗe ƙirjina in faɗi gaskiya.

Ku zo mu je Giza mu tsaya gindin dala,
Hula takan faɗi ido bai wuce tsakiya.

Dutse a kan dutse, ba inji ba tirela,
Sai jirgin ruwa da dabara, sai juriya.

Narmer ya haɗa kudu da arewa tun fari,
Kambi biyu suka koma bisa kai ɗaya.

Imhotep ya tsara wa sarki Zosa dala a Sakkara,
Hawa shida na dutse, zamani ya bar jayayya.

Sun ƙirga kwana 365 a shekara,
Suna duban tauraro, suna jiran ambaliya.

A ƙasar Afirka aka yi, ba ƙetaren teku ba,
Wanda ya ce ba mu da jiya, to ga jiya.

Baffa Malam:
Wa'alaikumus salam. Ɗana, tuwon ya yi daɗi, amma na tauna tsakuwa a ciki.

Yaro, ka yi fasaha, amma tsaya ka ji,
Gidan da kake wa kirari gidan Fir'auna.

Shi ne ya ce da mutane shi ne ubangijinsu,
Ya ce a gina masa bene, ya umarci Hamana.

Ya yanka 'ya'ya maza, ya bar mata da rai,
Har Allah ya aiko Musa da Haruna.

Ƙarshensa kowa ya sani tun makarantar allo,
Teku ta rufe shi, shi da dukan runduna.

Dutsen da kake yabo, wa ya ja shi a rana?
Gumin talaka ne, ko ka manta, ɗana?

Ina son Afirka, cikinta za a binne ni,
Amma azzalumi ba ya samun waƙa a bakina.

'Yar Damagaram:
Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya. "Fir'auna" laƙabi ne, asalin ma'anarsa "babban gida". Sarakunan Masar sun yi ta gadon juna wajen shekara 3,000, kuma tsakanin Khufu da Ramsis na biyu kaɗai akwai sama da shekara 1,200. A Suratu Yusuf ma "malik" aka kira sarkin.

Baffa, na durƙusa, a yi mini afuwa,
Ba musu na kawo ba, ɗiyarku ce da tambayarta.

Sarkin da ya yi mafarkin shanu bakwai,
Ya ba Yusufu rumbuna, a Masar ya yi sarauta.

Asiya cikin gidan nan ta roƙi gida a Aljanna,
Ashe daren da ya yi duhu shi ke ɗauke da wata.

Ga Hatshepsut, mace ta hau gadon maza,
Wajen shekara ashirin ƙasa na hannunta.

Ta tura jirage ƙasar Punt, ba da kibiya ba,
Fatake ta aika, suka dawo da ribarta.

Hauren giwa da zinariya da baƙin katako,
Turare buhu-buhu ana jibgewa gabanta.

Har itacen turaren da saiwarsa a kwando,
Aka ɗauko a jirgi a dasa a farfajiyarta.

Bayan ta rasu aka bi bango ana kankarewa,
A shafe sunanta, a ɓata siffarta.

Yau ga shi a Damagaram muna ambatonta,
Mu da muka san Daurama, mun gane irinta.

Ɗan Birni:
Yaya, Allah ya saka. Baffa, tambayarku kan wanda ya ja dutsen ce ta hana ni sukuni. A 2013 an tono takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, inda ya rubuta yadda suke jigilar farin dutse a jirgi daga Tura zuwa Giza. Ƙarnuka bayan Khufu kuma, a shekara ta 29 ta mulkin Ramsis na uku, masu haƙa kaburburan sarakuna sun ajiye aiki saboda hatsinsu ya makara.

Baffa, kun faɗi daidai, gumin na talaka ne,
To shi nake wa kirari, shi da ya ja igiya.

An tono unguwarsu a gefen dalar nan,
Ga wurin gashin burodi, ga ƙashin saniya.

Ga kaburburansu a inuwar na sarki,
Mai karaya an ɗora shi, an yi masa jinya.

Da rabon hatsi ya makara suka ce yunwa suke ji,
Suka zauna bayan haikali, aiki ya tsaya.

Ɗan Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan. Kakanninmu sun iso bakin kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Kun manta da Kush, tsohuwar daular Sudan mai fada a Napata: dalolin da ke ƙasar nan sun kai 200, sun fi na Masar yawa. Sarkinta Piye ya ci Masar wajen 728 kafin Miladiyya, Taharka ya yi mulki daga 690 zuwa 664.

Kun tsaya a Giza, ku biyo kogi kudu,
Ku ga inda baƙar fata ya ɗaura ɗamarar mulki.

Piye ya taso daga Napata da jirage,
Gari bayan gari na buɗe ƙofa ga sarki.

Da ya shiga bargar sarki Nimlot bayan mubaya'a,
Ransa ya ɓaci, yunwa ta ramar da doki.

Ya ce wannan ya fi masa ciwo da duk laifinsa,
A Kurru an binne dawakai a tsaye, abin mamaki.

Taharka ya riƙe daga Nubiya har bakin teku,
Ginshiƙinsa a Karnak na tsaye, shaidar aiki.

Amanirenas mai ido ɗaya ta tari Rumawa,
Kan gunkin Kaisar ya kwana ƙarƙashin mataki.

A 1834 wani ɗan Italiya ya fasa daloli,
Ya kwashe gwal, ya bar su ba kai sai jiki.

Tun 2023 kuma bindiga ce ke magana,
Gidan tarihin Khartum an wawushe shi ɗaki-ɗaki.

'Yar Damagaram:
Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa. Baffa, saura ɗaya. Masana harshe sun sa Hausa da tsohon harshen Masar cikin babban gida guda.

Mu ce "mutu", su sassaƙa m-w-t a dutse,
Mu ce "huɗu", su ce f-d-w, ku ji muryarta.

Ban ce daga Masar muka taso ba, Baffa,
Kaka ce can nesa, kowa ya ɗebi kamanninta.

Baffa Malam:
Na ji ku duka.

Ɗan Mai Wurno, ka sa ni hawaye da safe,
Allah ya kashe wutar Sudan, ya ba ku lumana.

Mai ce wa kansa Allah, har gobe ba na yabonsa,
Wannan magana ba ta motsa ba a wurina.

Amma an ce mu yi tafiya a ƙasa mu duba,
Ayar na nan, na biya ta ga almajiraina.

Mai jan igiya, da mai ɗori, da mai gashin burodi,
Na karɓe su, ku rubuta su cikin dangina.

Sarkin nan da yunwar doki ta ɓata wa rai,
Ku ƙaro mini labarinsa, ina nan kan buzuna.