Zobe ɗaya ko layi biyu?

Tambaya daga Yamai: Assalamu alaikum, ƴan uwa. A masana'antarmu ta sarrafa madara, na'urorin PLC, wato ƙananan kwamfutocin da ke sarrafa injuna, suna jere a kan wayar sadarwa ɗaya, kuma ranar da ɓera ya ci wayar, aiki ya tsaya cak. Wane tsari zai hana maimaituwar haka?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Ka haɗa ƙarshen layin da farkonsa ya zama zobe, ka sa masa tsarin MRP, wato ƙa'idar sadarwa mai kula da irin wannan zobe, domin idan waya ta katse, saƙo yakan juya ta ɗaya ɓangaren cikin milisakan 200, muddin na'urorin ba su wuce 50 ba.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma inda injin ba ya jure ko ƙiftawar ido, tsarin PRP, wato na layuka biyu masu zaman kansu, ya fi, tun da yana aika kowane saƙo ta hanyoyi biyu a lokaci guda, sai dai kuɗinsa ya fi yawa.

Amsa daga Tawa: Ƙanena, kada wayoyin biyu su bi rami ɗaya, kuma kowace hanya ta samu batirinta, domin a nan ɗaukewar wuta ta fi ɓera ɓarna.