Walimar kaka a wurin aiki: me kuka gasa, me kuka haɗa da hannu?

Maman 'yan biyu, Minneapolis

Assalamu alaikum 'yan'uwa. An liƙa takarda a ɗakin shan shayi na wurin aikinmu, wai kowa ya zo da abinci ana jibi Thanksgiving, bikin godiya na Amurka, wato kafin Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba. Sunana ya faɗo a cikin masu kawo kayan zaƙi, kuma an ce kowane sashe ya ƙawata teburinsa da abin da ya haɗa da kansa. Bara muka zo ƙasar nan, ban taɓa shiga irin wannan ba. Duk shagon da na leƙa kabewa ce jibge har bakin ƙofa, ni kuwa iyakar sanina da kabewa miyar taushe. Don Allah waɗanda suka riga mu zama, me kuka kai? In gasa nasu ne, ko in kai namu?

Hajiya Babba, Houston

Wa alaikumus salam 'yata. Ki gasa da hannunki, ko nasu ko namu. Dalilina shi ne a irin wannan teburi ba a nama kaɗai matsala take ba. Ɓawon fulawa da ake sayarwa a shirye don kek ɗin kabewa, wasu kamfanoni da kitsen alade suke kwaɓa shi. Farin alewa mai laushi da suke jerawa a kan dankalin Hausa su gasa, yawancinsa akwai jelatin, kuma sau da yawa daga alade ake samo shi. Ruwan banila na kwalba ma, dokar Amurka ta ce sai barasarsa ta kai kashi 35 cikin ɗari kafin a kira shi tsantsa. Malamai sun yi saɓani a kan wannan na ƙarshen, ni dai garin banila nake saya hankalina ya kwanta. Idan ke kika gasa, aƙalla akwai faranti guda a teburin da za ki ci ba tare da tambaya ba, kuma duk Musulmin da ke wurin zai sa miki albarka.

Kek ɗin kabewar, wanda suke kira pumpkin pie, ba wuya gare shi ba. Dafaffiyar kabewa gwangwani ɗaya mai giram 425, ƙwai 2, madarar ruwa gwangwani ɗaya, sukari kashi uku cikin huɗu na kofi, sai kirfa da citta da kanumfari da ɗan gishiri. Kayan ƙamshin nan duk namu ne na kunu da shayi, hancinki zai gaya miki inda za ki tsaya. Ɓawon kuwa fulawa ce da bota mai sanyi da ruwan ƙanƙara, ki murje da yatsu kada ki cuɗa shi kamar na burodi. Ki fara da wuta 425 na ma'aunin Amurka, wato Fahrenheit, minti 15, ki rage zuwa 350 ya yi kamar minti 45. Ki cire shi tsakiyar tana ɗan rawa, zai ƙarasa daskarewa a waje.

Anti mai gireba, Bronx

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni ra'ayina dabam ne a kan abin da za a kai. Ranar nan sai ki tarar da kek ɗin kabewa huɗu ko biyar a teburi guda, wasu daga shago, wasu na tsofaffin da suka gaji girkin daga kakanninsu. Naki zai shige cikinsu ba wanda ya lura. Ni gireba nake kaiwa gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, kuma ba ta taɓa kai la'asar ba. Fulawa, niƙaƙƙen sukari, mai, ki murza har idan kin dunƙula ya tsaya, ki danna a cikin ƙaramin ludayi ki kife a faranti. Abin da na ƙara mata saboda lokacin shi ne kirfa da garin citta. Kada ki bari ta yi ja, fara-fara ake cire ta.

Abu biyu za ki kiyaye, ƙanwata. Kada ki sa man gyaɗa, ki nemi na sunfulawa ko kanola, domin a nan akwai mutanen da ɗan ƙanƙanin gyaɗa kan kai su asibiti. Riɗin da muke barbaɗawa a kai shi ma haka, tun Janairun 2023 ya shiga jerin abubuwa tara da dole kamfanoni su bayyana a jikin abinci. Ni kashi biyu nake yi, mai riɗi da marar riɗi, a mazubi dabam-dabam, in rubuta duk abin da ke ciki a ɗan kati. Katin nan ya jawo mini hira da mutanen da da can gaisuwa kawai muke yi. Wata 'yar Masar ta karanta, ta ɗanɗana, ta ce su ma suna da irinta ranar Sallah.

Baban Yara, Leeds

A yi mini izini in sa baki, ko da yake yawancinku mata ne. Mu a Ingila ba mu da Thanksgiving. Abin da muke da shi shi ne safiyar kofi ta Macmillan a ƙarshen Satumba, inda ake kawo kek ofis a sayar a tara wa masu ciwon daji kuɗi, sai kuma daren wasan wuta na 5 ga Nuwamba. Mutanen Yorkshire suna da wani kek na wannan daren mai suna parkin, na citta da ot da baƙin ruwan sukari mai kauri. Wani dattijo abokin aikina ne ya koya mini, ya ce kada a ci shi ranar da aka gasa, a naɗe a ajiye kwana uku zuwa mako, sai ya yi danƙo. Ga mai aikin dare irina wannan rahama ce, Lahadi nake gasawa in kai Alhamis.

Gargaɗi guda ga masu zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu: abin da ake kira cider a Amurka galibi ruwan tuffa ne zalla, na Ingila kuwa giya ne. Idan kika samo girki daga intanet, ki duba daga wace ƙasa aka rubuta shi.

Ummu Khairat, Calgary

Namu na Kanada ya riga ya wuce, Litinin ta biyu ta Oktoba muke yi. Bari in yi magana a kan ado tunda ba wanda ya taɓo shi. Ni da yara muka fita muka tsinto ganyen mapul masu ja da ruwan ɗorawa, muka sa su tsakanin takardu a ƙarƙashin manyan littattafai mako guda har suka bushe a miƙe. Lemun zaƙi kuma na yanka shi fale-fale, na jera a obin a kan wuta ƙasa-ƙasa, kamar 200 na ma'aunin Fahrenheit, awa uku ina juyawa. Muka zura su a zare da sandunan kirfa a tsakani. Sai na ɗauko faifai biyu da ƙwarya mai zane da na zo da su daga Zariya, na zuba ƙananan kabewoyi da tuffa a ciki. Mutane sun fi tsayawa a kan faifan, har shugabar sashenmu ta tambayi ko hannu ne ya saƙa su, na yi mata bayanin kaba da yadda ake rina ta.

Kada ki kai kyandir, yawancin ofisoshi sun hana wuta saboda na'urar hayaƙi. In kuma kin tsinto busassun 'ya'yan itatuwa daga ƙasa don ado, ki ɗan gasa su tukuna, akwai ƙwari a ciki.

Na san wasu 'yan'uwa na ƙyamar kabewar ado saboda Halloween, bikin da ake shigar dodanni ranar 31 ga Oktoba. Ni inda na tsaya shi ne ba na fafe ta in yanka mata fuska, kuma ranar 31 ga Oktoba ba ma shiga komai. Amma jera amfanin gona a teburi lokacin girbi, ban ga abin ƙi a ciki ba. Allah ne ya ba da shi, mu ma a gida da kaka muke murna.

Hajiya Babba, Houston

Ummu Khairat, Allah ya yi wa yaran albarka. Na manta in ce wa 'yata: manyan kabewoyin da ke bakin shago na ado ne, ruwa da zare ne a cikinsu. In ba ta gwangwani za ki yi da ita ba, ki sayi ƙanana masu nauyi, ko doguwar nan mai wuya da suke kira butternut, ita ce ma nake taushe da ita. Sannan kek ɗin nan ƙwai da madara ne, kada ya wuce awa biyu a waje. Kina isa ofis ki sa shi a firij sai lokacin ci.

Ummu Khairat, Calgary

Amin Hajiya. Ga masu zama a gari mai tudu irin namu ko Denver, ku rage bekin foda kaɗan ku ƙara ruwa cokali ɗaya ko biyu. Calgary ta haura mita 1,000 daga teku, kek yakan tashi da sauri ya faɗa a tsakiya. Anti, don Allah gireba na kwana nawa ba ta lalace ba? Ina so in aika wa ƙanwata da ke karatu a Edmonton.

Anti mai gireba, Bronx

Mako biyu lafiya lau, in kin bari ta huce sarai kafin ki rufe ta a mazubin da iska ba ta shiga. Ki shimfiɗa takarda tsakanin kowane jeri, tana da saurin farfashewa a hanya.