Me zan duba kafin in fara tura 'ya'yana ɗakin karatun garinmu?

Uban Yara Huɗu:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina da tambaya wadda ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, kuma ina fatan waɗanda suka san harkar za su taimaka mini. A hedikwatar ƙaramar hukumarmu akwai ɗakin karatu na gwamnati, wanda nake wucewa ta ƙofarsa kusan kullum idan zan tafi wurin aiki, amma rabona da shiga cikinsa tun ina ɗan sakandare, yau sama da shekara 20 ke nan. Yanzu babban ɗana yana aji biyu na babbar sakandare, ƙanwarsa kuma tana aji huɗu na firamare, kuma na lura cewa a gida babu inda yaron zai zauna ya yi awa guda da littafi ba tare da an aike shi ko ƙannensa sun dame shi ba. Mahaifiyarsu ta ba da shawarar a riƙa tura su can ranar Asabar da lokacin hutu, ni kuwa ina jinjina kuɗin abin hawa na zuwa da dawowa, ga kuma abin da mutane ke faɗa cewa duk abin da ke cikin littafi yanzu yana cikin waya. To, me zan duba idan na shiga, wanda zai nuna mini cewa wurin yana da rai, har ya isa in ɗauki 'ya'yana in kai su?

Tsohon Ma'aikacin Laburare:

Wa alaikumus salam. Malam, ka yi tambayar da ta dace da uba, kuma zan amsa maka gwargwadon abin da na gani a shekarun da na yi ina wannan aiki kafin in yi ritaya. Abu na farko da nake so ka duba shi ne mutumin da ke zaune a teburin bakin ƙofa. Ka yi masa sallama, ka tambaye shi wani abu takamaimai, misali ka ce kana neman littafi a kan noman albasa da rani ko a kan tarihin Daular Sakkwato, sannan ka ga yadda zai yi. Idan ya miƙe ya kai ka har gaban kanta, ko ya ce ba su da shi amma ga wanda ya yi kusa da shi, ko ya rubuta buƙatarka domin ya nema maka, to ka samu wurin da za ka iya barin ɗanka. Idan kuwa ya nuna maka cikin zauren da baki ya ce ka je ka duba, to komai yawan littattafan da ke ciki, yaro zai yi ta zagaye ne har ya gaji ya fito hannu rabbana, kuma da wuya ya sake komawa.

Dalilin da ya sa na fara da ma'aikaci shi ne, littattafan ba a jibge suke kara zube ba, kowanne yana da mazauninsa, kuma sai an nuna wa mutum hanya sau ɗaya. Yawancin ɗakunan karatu na jama'a suna bin tsarin da wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876, wanda ya raba ilimi gida goma ya ba kowane fanni lamba. Musulunci yana 297, lissafi yana 510, aikin likita yana 610, noma yana 630, tarihin Najeriya kuma yana 966.9, kuma lambar tana manne a gadon bayan kowane littafi. Yaron da aka zaunar aka koya masa wannan cikin rabin awa ya samu abin da zai yi amfani da shi har tsufansa, domin ko ya je jami'a ya tarar da wani tsari daban, ya riga ya san yadda ake bin sawun littafi.

Bayan haka, ka zaro littafi biyar ko shida daga wurare daban-daban, ka buɗe bangon ƙarshe, inda ake manna takardar da ake buga hatimin ranar dawo da aro. Wannan 'yar takarda ba ta yin ƙarya. Idan hatimin ƙarshe na bana ne ko na bara, ana aro ke nan. Ka leƙa kundin da masu shigowa suke sa hannu, ka kuma duba kwanan watan jaridar da ke kan tebur. Tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, lokacin da aka yawaita buɗe ɗakunan karatu a garuruwan Arewa a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, abin da ke jawo mutane shi ne sabon labari, musamman a jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Daga baya, da aka kafa babban laburare na Jihar Arewa a Kaduna a 1952, ana aika akwatunan littattafai zuwa garuruwa domin a riƙa samun sabon abu. Ɗakin da ba abin da ke shigowa cikinsa ruwa ne marar gudu. Sai dai kada tsufan littafi ya kore ka, domin tsohon littafi mai kyau ya fi sabo marar kan gado.

Ɗalibar Aikin Jinya:

Baba, Allah ya saka da alheri, abin da ka faɗa haka yake, sai dai ina so in ƙara abin da mu ɗalibai muke fara dubawa, wanda manya ba su cika kawo shi a lissafi ba. Shekara biyu na yi ina zuwa ɗakin karatun garinmu kafin in samu gurbin karatu, kuma yawanci da littattafaina nake tafiya. Abin da ke kai ni shi ne kujera da tebur da haske da shiru. A gidanmu muna da yawa, kuma yarinya ba ta iya zama da littafi a hannu alhali wanke-wanke da tuwon dare suna jira, amma a can nakan yi awa uku babu wanda ya kira sunana. Wayar da ake cewa komai yana cikinta tana cin kuɗin data, tana buƙatar caji, kuma saƙonnin da ke shigowa ba sa barin hankali ya tsaya wuri ɗaya.

Saboda haka, Malam, ka duba ko tagogi suna shigo da iska, ko akwai fanka mai juyawa, ko an sa sola, domin a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin bazara ya tsananta kuma jarrabawa ta ƙarato, ɗakin da ba iska ba ya zaunuwa. Ka duba ban-ɗaki da ruwan alwala da wurin salla, domin rashinsu ne ke sa mata da yawa su tashi tun kafin azahar. Ka tambayi lokacin buɗewa da rufewa, tunda idan suna tashi ƙarfe huɗu kuma ba sa buɗewa ranar Asabar, ɗan makarantar da ke dawowa ƙarfe biyu ya wuce Islamiyya da la'asar ba shi da rabo a wurin. Idan akwai kwamfutoci, ka tambaya ko ana barin yara su taɓa su. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma na san wani ɗakin karatu da aka kai wa kwamfutoci aka kulle su a ɗaki, ana tsoron kada yara su ɓata su, har ƙura ta gama da su.

Inda na ɗan saɓa wa Baba, tare da girmamawa, shi ne batun tsufan littafi. A adabi da tarihi da nahawu maganarsa daidai ce, amma a fanninmu tsohon littafi yana iya ɓatar da ɗalibi. Na taɓa ɗaukar wanda ke koyar da cewa kulorokwin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, alhali an daɗe da sauya wannan. Haka littafin da ke cewa Najeriya tana da jihohi 19, tun 1996 jihohi 36 ne. Ka koya wa ɗanka ya riƙa duba shekarar bugu a shafin farko kafin ya fara kwafa.

Mai Bin Diddigin Tarihi:

Salamu alaikum. Malam, ni ta wata fuskar zan zo maka, domin ka tambaya saboda yara, amma ina ganin kai ma kana da rabo a wurin. A ganina, abin da ya fi sa ɗakin karatu na gari ya cancanci ziyara shi ne abin da ya adana game da garin kansa. Idan ka nemi labarin Landan ko Makka a waya za ka samu har ka gaji, amma ka nemi jerin hakiman da suka riƙe ƙasarku, ko shekarar da aka tayar da tsohuwar kasuwa, ko waƙar da wani malamin unguwarku ya rubuta da ajami, ka ga abin da za ta ba ka.

Manyan wuraren adana irin waɗannan abubuwa suna nan, kamar Gidan Arewa a Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Firimiya Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma malamin firamare ko ɗan sakandare da ke ƙauye ba zai bar harkokinsa ya tafi can saboda tambaya ɗaya ba. Dokar 1970 ta Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa mai buga littafi ya ajiye kwafi uku a wurinsu, to amma ƙananan littattafan da ake bugawa a gari, irin su tarihin wani sarki da aka raba ranar naɗi, ko waƙoƙin wa'azi, ko mujallar tsofaffin ɗalibai, yawancinsu ba sa bin wannan hanya. Idan ɗakin karatun garin bai ɗauke su ya ajiye ba, bayan 'yan shekaru sai dai a ji labarinsu a baki.

Don haka ka tambaye su ko suna da kanta ta musamman ta abubuwan da suka shafi garin da masarautar, sannan ka roƙi a nuna maka inda tsofaffin jaridu suke. Abin da ya fi ci mini rai a wannan harka shi ne ranar da na shiga wani ɗakin karatu na tarar da ɗaurin jaridar New Nigerian, wadda aka fara bugawa a Kaduna a 1966, a jibge a ƙasa jikin bango, gara ta cinye tsakiyarsu, yoyon damina kuma ya manne sauran. Da an ɗora su a kan katako kawai, an nisanta su da bango, da sun tsira. Idan ka ga an ɗaure jaridu shekara-shekara an ɗaga su daga ƙasa, to akwai mai kishi a wurin.

Malamar Firamare:

Malam, kowa ya yi maganar babban yaron, ni ta ƙanwarsa zan yi. 'Yar aji huɗu tana buƙatar kusurwar da aka ware wa yara, ko da tabarma ce aka shimfiɗa, da littattafai masu hotuna da manyan baƙaƙe, musamman na Hausa, domin yaron da ya ji daɗin labari a harshensa shi ne yake samun ƙarfin halin tunkarar na Turanci. Abu na biyu shi ne aro zuwa gida. Mata da yawa a garuruwanmu sun ƙware a karatun Hausa ta hanyar shagunan hayar littafi, saboda littafin yana bin su har cikin ɗaki, su karanta bayan sun gama aiki. Idan wurin yana ba da aro, mahaifiyar yaran ma za ta amfana ba tare da ta fita ba. Ka tambayi sharuɗɗan yin kati, ko ana buƙatar hoto da sa hannun wanda zai tsaya wa yaro, kuma ranar farko kada ka tura ta ita kaɗai, ka zauna tare da ita ta karanta maka shafi ɗaya.

Uban Yara Huɗu:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na je ranar Asabar da ta wuce tare da yaran biyu, na tarar suna buɗewa har zuwa azahar. Baba, na gwada abin da ka ce. Dattijon da ke bakin ƙofa ya miƙe ya kai ni kantar 630, ya zaro mini littafi biyu a kan noman lambu, sannan ya ja ɗana gefe ya nuna masa yadda lambobin suke tafiya. Hatimin aro na ƙarshe da na gani na watan jiya ne. Fanka biyu suna aiki da sola, akwai randar ruwa da tabarmar salla, amma babu kwamfuta, kuma jarida ta daina zuwa tun bara. Kusurwar yara ƙarama ce ƙwarai, duk da haka yarinyar ta samu littafin tatsuniyoyi, ta ƙi tashi sai da aka yi mata kati aka ba ta aronsa na mako biyu.

Na yanke shawarar za su riƙa zuwa kowace Asabar, kuma ni da maƙwabtana biyu mun yi magana za mu haɗa kuɗi mu riƙa saya wa wurin jaridar Hausa ta mako-mako. Sai dai, Malam Mai Bin Diddigin Tarihi, na ga irin abin da ka faɗa: akwai ɗaurin tsofaffin jaridu a ƙasa a ɗakin baya, gara ba ta kai gare su ba tukuna. Akwai kafinta a unguwarmu da ya yarda ya yi musu kanta kafin damina ta faɗi. Baba, wa ya kamata mu rubuta wa takardar neman izini, shugaban ɗakin karatun ne ko hukumar ɗakunan karatu ta jiha?