Idan layin menu ya ɓace a manhajar da kuke haɗawa

Shawarar farko ga masu haɗa manhajojin kwamfuta ita ce, kada a yi saurin taɓa lambar shirin (wato code), a ɗaga ido tukuna. A macOS, tsarin kwamfutocin Apple, layin menu ba ya zama cikin tagar manhaja, can saman allo yake komawa. A ɓangaren Linux, haka Ubuntu ta yi a zamanin fuskar allonta mai suna Unity, fuskar allo ta KDE Plasma ma tana da wannan zaɓin. Sau da yawa menu ɗin yana nan lafiya lau. Mai aiki da Qt (wani kayan aikin haɗa manhajoji) da ke son ya dawo cikin taga sai ya kira setNativeMenuBar(false).

Wanda ya fi ba mutane wahala kuwa, a ganina, shi ne halin Qt a macOS. Takan kwashe abubuwa masu suna About, Preferences ko Quit ta mayar da su menu mai ɗauke da sunan manhajar. To idan Quit ne kaɗai a cikin File, sai File ɗin ya zama fanko, ya ɓace baki ɗaya! Maganinsa a sa wa abin setMenuRole(QAction::NoRole), ko a ƙara wani abu a ciki.

A Electron kuma, wani kayan aikin haɗa manhajoji na daban, a duba saitin autoHideMenuBar. In a kunne yake, danna Alt zai fito da menu a Windows da Linux. Masu PyQt, wato Qt na harshen Python, su ba QMenuBar (layin menu ɗin) uwa, wato tagar da zai zauna ƙarƙashinta (parent), ko su riƙe shi a self, wato a jikin tagar kanta, don kada Python ta share shi da zarar aikin da ya ƙirƙire shi ya ƙare.