Da me zan riƙe tulun ado na tarkacen rediyo da salula?

Mai gyaran rediyo, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina gyaran rediyo da salula a nan Maraɗi, har na tara buhu biyu na matattun allunan cikinsu, korayen nan masu ƙananan ƙwayoyi kamar duwatsun wuya. Na yi niyyar gina tulun ado da su, irin ƙirar tulunan Mirya, amma na farkon da na manna da gam ɗin kyandir ya saki a zafin Afrilu, wuyansa ya karkace tun mako bai zagayo ba. Me ya kamata in yi?

Tsohon maƙerin farfaru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Gam ba ya ɗaukar nauyi, sai ka fara yi wa tulun ƙashi. Nemi duma mai dogon wuya, ka warware jar wayar da ke naɗe cikin injin tsohuwar fanka, ka saƙa ta a jikinsa kamar ɗinkin faifai, sannan ka fasa duman ka zare shi. Allunan kuwa ba sa lanƙwasuwa, karyewa suke yi, don haka yanka su ƙanana kamar faɗin ɗan yatsa, ka huda kowanne ka ɗaure. Ƙwayoyin nan masu zanen launi ka adana su domin wuya, can ido yake fara sauka.

Malamar kimiyya:
Malam, shawarar Baba ta yi, sai dai a kula da dalma. Tsohon ƙarfen da ake liƙa ƙwayoyin da shi kusan kashi 40 cikin ɗari dalma ne, sauran kuza, kuma sai a 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita, alhali rediyoyi da yawa da ke hannunmu sun girmi wannan doka. Ba mu manta da yara sama da 400 da gubarta ta kashe a Zamfara a 2010 ba, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Yi yankan a sarari, ka jiƙa allon, ka rufe hanci, kada ka ƙona waya don cire robarta, batirin salula kuma kada ka huda shi domin yana kamawa da wuta. Tulun kansa kada a zuba masa goro ko dabino.

Mai gyaran rediyo:
Na gode, Baba da Malama. Tun da yara ba sa jin "kada", zan toshe bakin tulun da lasifikar rediyo. Duman kuwa gobe zan nemo shi a babbar kasuwa.